Waƙa ta Uku

A shagon tsofaffin faya-fayai na Newark
yaron kanti ya ce dala ɗari uku,
wai irinsa ya yi wuya.
Na yi dariya har na ƙware.
Dala arba'in aka ba mu, mu uku,
daren da muka naɗe shi.

Ga Lemuel Pettway a bangon,
taba a leɓe, kwat ta aro.
Ba a ɗauki ƙafarsa ba,
ita da ke rabin aikin,
daga ita sai safa, tana taka ogan ta ƙasa
kamar mai laluben hanya a duhu.

Motar gawa muka saya don ogan ɗin,
ita kaɗai ke ɗaukarsa.
Asabar mashaya, Lahadi coci.
Odessa kuwa in ta ja murya
har mai shara sai ya jingine tsintsiya.

Na ce, yaro, ɗora allura a waƙa ta uku.
Ƙaras-ƙaras, sannan gurnani.
Ka ji tarin nan kafin ganga ta shigo?
Nawa ne.
Juya bayan ka gani,
ko sunana ba su rubuta daidai ba.