Shuɗin Tawada

Ranar kasuwa na sauka Bajoga,
jakata da takarda arba'in da kwalin tawada.
Ƙungiyarmu ta aiko ni farautar yatsu,
a tara su, a kai kuka Abuja:
yaƙi ya cinye Sudan, yunwa tana suɗe kwanon.

Na fara da rumfar Bappayo mai hatsi.
Ya saurare ni yana share bakin mudu,
ya ce, "Yarinya, a ina kika ga
mai ɗaki na yoyo ya tafi yaɓen ɗakin wani?
Jiya wata ta jinginar mini da tabarmar sallarta
a kan rabin tiyar masara.
Ku fara rubuta wannan."
Na haɗiye yawu. Ban sami abin cewa ba.

Mai shayi ya tambaya ko ana biya.
Mai faci ya nuna mini tafinsa, duk baƙin mai.
Wani ya ce rabonsa da dangwale tun zaɓe,
kuma har yau bai ga ruwan famfon ba.
Aka kira la'asar ina da yatsu tara,
biyu daga ciki na 'yan gidanmu ne.

Can ƙarƙashin dalbejiya
Goggo Jebbu tana korar ƙuda daga daddawa.
Ta ce, "Wace Sudan? Ta kan hanyar Makka?"
Na ce ita.
Ta ajiye mafici.

"Da Bormi ta faɗi, ƙanen kakana ya yi gabas
da matarsa da akuya ɗaya, a ƙafa.
Makka ya nufa, Sudan ta riƙe shi.
Ina budurwa wani alhaji ya kawo wasiƙar ajami:
suna noman auduga a bakin kogi,
an yi musu jika, an sa mata Jebbu.
Kin ga ina da takwara a can.
In tana raye, haƙoranta sun zube kamar nawa.
To, in an ce a gudu,
wa zai goya ta?"

Ta danna babban yatsa a tawada,
ta danna shi a takarda har ta huje.
Sannan ta ɗaga murya ta ƙetare rumfuna:
"Bappayo! Ɗan Hammadikko!
Kakarka ba kuka take ba duk shekara in alhazai sun dawo
babu labarin yayanta?"

Ya taho yana ƙunƙuni, gari a gemunsa.
Ya dangwala, ya goge a gefen riga,
ya ce, "Amma ki ƙara musu a ƙasa:
masara ma ta yi tsada."
Na ƙara.

Ba mu roƙi wata da taurari ba.
Mun ce gwamnati ta buɗe baki inda ake jin ta,
ta ce a bar motocin abinci su wuce,
ta aika magani ko da jirgi ɗaya ne.
Yatsu dubu uku daga Nafada zuwa Kaltungo,
muka ɗaure da zare muka kai.
Akawu ya buga hatimi bai ɗago ba,
ya ɗora tamu kan tarin da ya fi shi tsayi.

Damina ta shigo, ta fita.
Kowane dare ina kasa kunne ga rediyo.

Duk ranar kasuwa Goggo takan hango ni tun daga tasha:
"Sun amsa?"
In ce, "Tukuna."
Makon jiya ta miƙo mini yatsan,
shuɗin ya goge, sai warin daddawa.
Ta ce, "Wataƙila nasu ma ya goge.
Ina tawadar?
Kawo in sake."