Romon Ƙarfe Biyun Dare

Ƙarfe biyun dare, Houston ta tuɓe takalmi,
amma titin Bellaire bai san da zancen ba.
Na sauke fasinjan ƙarshe, ya bar min warin giya a kujera,
na bi jar fitilar nan da harafi ɗaya ya mutu,
na shiga shagon Madam Tuyet.

Ba ta tambayata me zan ci.
Tun daren farko da na tsaya leƙen tukunya
kamar wanda gugansa ya faɗa rijiya,
ta gane. Ta ce, "Kai, ba alade."
Ta ware min ƙaramar tukunya mai kunne ɗaya,
ludayinta daban, ta ɗaura masa jan zare.
Shekara uku ke nan, zaren bai kwance ba.

Romon kifi, taliyar shinkafa fara sol,
ganye tuli guda sai ka ce akuya za a kiwata,
lemon tsami, da barkonon da ke sa kunne ƙara.
Ni ɗan Gusau, na ɗauka mun gama da yaji,
ashe gaba da gabanta.

Bayan labule ana karɓa-karɓar makirufo.
Masu gyaran farce sun tashi aiki,
masu kamun jatan lande sun hauro daga Galveston
da gishiri a wuyan riga.
Wani tsoho mai kwat ruwan toka ya rufe ido yana rerawa.
Ko kalma ɗaya ban ji ba,
amma waƙar wanda ya baro gida
ba ta neman tafinta.

A kusurwa ɗanta Khoa ke da tebur,
da rana yana sayar da tikitin yawon buɗe ido.
Ga hotuna a bango: duwatsu tsaye cikin teku,
fitilun alharini rataye a Hoi An,
kasuwar dare, babura kamar ɗango.
Kwana goma, dala kaza, har otal da karin kumallo.
Masu zuwa kan dawo da malfa mai tsini,
su ce mata, "Ƙasarku aljanna ce."
Sai ta yi murmushi, ta ƙara musu shayi.

Na ce, "Madam, yaushe rabonki da can?"
Ta goge teburin da ba shi da datti.
"Ina 'yar sha tara na fito, a kwalekwale.
Tekun da ke hoton nan, ni da dare na san shi."

Ta ce takan rubuta wa matafiya sunan wani lungu a Can Tho
inda innarta ke suyar ayaba.
Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce ya same shi.
Ita kuma ba ta daina rubutawa ba.

"Kai fa?"
Na ce shekara tara.
Ta ce, "Yaro ne kai."
Ta ajiye min kofin nan mai ɗiga a hankali kan madara,
ɗis, ɗis, kamar indararo bayan ruwa ya ɗauke,
ta ture hannuna da na miƙa kuɗi.

Ƙarfe huɗu waya ta yi ƙara:
filin jirgi, mutum biyu, akwati huɗu.
Khoa ya leƙa ya ce, "Ai mutanena ne."
Ta biyo ni har bakin mota da silifas,
ta danƙa min takarda a ninke.
"Ba su. Ka ce bayan gada ne, hannun hagu."

Na sa ta a aljihun gaba, na tayar da mota.