Ajiyar Baƙo a Rumfata

Ranar Talata wani baƙo ya kawo ta,
dogo, da jar ƙasar Gaundare a takalminsa.
Ya kwance buhu a rumfata ta Yalwa,
ya ce waya ce ta tsinke a cikinta,
zai dawo jibi.

Ni gyaran rediyo na sani.
Wannan kuwa katako ne siriri, kamar matuƙin kwalekwale,
tsirkiya goma a jere,
ba ƙwarya, ba fata, ba ciki.
Na narka dalma na liƙe wayar,
na jona ta da tsohuwar amsa-kuwwa.
Jibi ta zo ta wuce. Wata ya tsaya, ya mutu.

Jauro mai garaya ya leƙo,
ya ja ta da farce yadda ya saba,
ta yi gurnani irin na dorina a gindin gadar Binuwai.
Ya goge hannu a riga, ya ce,
abin da ba shi da ciki, a ina zai ajiye magana?

Baba Sali yana kan bencina, bai tanka ba.
Shekara talatin ya yi a ƙofar gidan waya na Garwa
yana buga wa mutane wasiƙa da tafireta,
har wayar salula ta cinye masa sana'a.
Tun daga nan yatsunsa ba su da wurin zuwa,
sai kan gwiwa, sai gefen kofin shayi.

Da la'asar ya ce, jingina mini ita a ƙirji.
Bai ja ba, bai kaɗa ba.
Dangwala ta ya yi da yatsa ɗaya,
kamar mai laluben harafi,
ta amsa.
Ya ce, af, ashe 'yar gida ce.

Daga ranar hannu biyu suka hau.
Hagu na tafe da murya mai kauri,
irin ta manomin auduga da aka rage wa awo,
yana faɗa yana haɗiye zuciya.
Dama na biye, siririya, mai ladabi,
tana gyara zancen yadda ofis zai karɓa.
Wani lokaci su yi musu.
Wani lokaci dama ta gaji da ladabi
ta faɗi abin da hagu ya faɗa.

A ƙarshen kowane layi yakan dakata
yana jiran ƙararrawa,
hannunsa ya tashi ya ture iska.
Masu walda kan kashe inji su yi masa dariya,
su kuma manta su kunna.

In an ɗauke wuta ba ya tsayawa.
Sai ka kawo kunne kusa
ka ji ta can ƙasa-ƙasa, kamar gara a cikin azara.
Ya ce haka wasiƙa take kafin a buɗe ambulan.

Da damina ta sauka baƙon ya dawo, ya rame,
ciwo ne ya kwantar da shi a Marwa.
Ya tsaya cikin yayyafi har Baba ya kai aya.
Ya ce, wa ya koya maka?
Baba ya ce, mutanen da ba su iya rubutu ba.

Jaka uku ya biya ni, bai nemi ragi ba.
Kayansa ne. Ya mayar da ita buhu,
ya hau babur.

Yanzu Baba na zuwa da hantsi kamar da,
ya shimfiɗa yatsu goma a kan benci.
Jiya wata mata ta kawo rediyo na gyara,
ta ce in ƙara murya ta ji ko ya yi.
Sai na ga hannuna yana ragewa.