Kawu Ya Sunkuya

Na je Kawo da kuɗin adashe a jaka,
wata goma sha takwas ina zubi,
lasisina sabo, ko lanƙwasa bai yi ba.
Idona ya faɗa kan wata baƙa mai sheƙi.

Kawu Lurwanu bai ko dube ta ba.
Ya shimfiɗa kwali a ƙasa,
ya leƙa ƙarƙashin wata mai ruwan toka
da fentinta ya koɗe a kafaɗa.
Ya zaro sandar mai, ya murza a yatsa,
ya shinshina kamar mai sayen daddawa.

"Zinatu," ya ce, "waccan baƙar,
in ta yi tari sai an aika Legas.
Wannan kuwa, ko noti ne ya ɓace,
'yan Panteka za su zubo miki a faranti.
Da cokali take shan mai, ba da moɗa ba."

Na ce, "Kawu, ƙawayena fa?"
Ya ce, "Su za su biya bakanike?"

Dillali ya rantse ta wata hajiya ce,
daga gida sai asibiti.
Kawu ya yi dariya har hula ta karkace,
ya zabge masa dubu ɗari biyu.

Sau biyu ta mutu mini kafin Unguwar Rimi.
"Ƙafarki ce," in ji Kawu. "Saki kuloci a hankali."

Jiya na goge ta da ginshiƙin ƙofar gida.
Na fito zuciyata na bugawa,
na duba, na sake dubawa:
cikin tsoffin tabonta
ban gane nawa ba.