Faɗan Ranar Laraba

Garinmu Valparaiso matakala ne zalla,
wanda ya tsara shi bai kawo wa ransa wani zai rasa ƙafa ba.
Gidaje a rataye jikin tudu kamar shanya,
teku na ƙasa yana jiran duk abin da ya gangaro.
Ni kuwa, Yasna, ƙafafuna taya huɗu ne,
biyu manya, biyu ƙanana,
ɗaya tana kuka in an yi ruwa.

A waya muryata tana da kasuwa.
"Zo gobe da takardunki," in ji su.
Gobe ta yi, in sa farar rigar da inna ta goge,
in isa, idonsu ya sauka kan taya kafin ya hau fuskata,
sai a ce ai jiya da yamma aka cike gurbin.
Sau goma sha ɗaya jiya da yamma tana riga ni.
Wani ofishin lauya ma ban ga ƙofarsa ba:
matakala arba'in da biyu, na ƙirga daga ƙasa,
na gaishe su, na juya.

Edelmira ba ta da lokacin tausayi.
Shagonta na bakin tashar jiragen ruwa,
igiya, fenti, sarƙa, fitilun masunta,
warin kwalta da gishiri har cikin gashi.
Ta turo mini littafi mai maiƙo a bango:
"Igiya kilo ɗari uku ta ɓace mini tun watan Maris.
Nemo ta."
Kafin shayinta ya huce na same ta a shafi na sittin,
ba ɓacewa ta yi ba, sau biyu aka rubuta shigarta
da hannun marigayi mijinta.
Ta daɗe tana kallon rubutun.
Ta ce, "Litinin, ƙarfe takwas."

Samu daban, riƙo daban.
Ranar da akwatin ƙarfen da ke sauke mu daga tudu ya lalace
tun ƙarfe biyar nake fita, in bi doguwar hanya,
tafin hannuna ne birki, har ya yi kanta.
Ƙofar banɗakin shagon ta gaza kekena da yatsa uku.
Ban faɗa ba. Wanda aka ɗauka da ƙyar
ba ya son a riƙa jin bakinsa.
Wata uku ba na shan ruwa daga asuba zuwa tashi,
leɓena ya tsage, na ce iskar teku ce.

Anibal mai dakon kaya ne ya lura
kofina kullum a bushe yake.
Bai tambaye ni komai ba. Ran Lahadi ya zo da zarto.
Litinin na tarar ƙofa ta yi faɗi,
garin katako a ƙasa,
shi yana can yana fito kamar ba shi ba.
Na sha ruwa kofi uku a jere,
na shiga, na yi kukana, na wanke fuska.

Amma ranar da na ajiye a zuciya wata Laraba ce
cikin wata na bakwai.
Na aika wa wani jirgi farin fenti maimakon ja,
durom shida.
Edelmira ta tsaya a kaina ta zazzaga mini masifa
gaban masu sayayya, gaban Anibal, gaban kyanwar shago.
Ba ta rage murya ba, ba ta kalli taya ba,
ta ce za ta cire kuɗin mota daga albashina,
kuma ta cire.

Da yamma akwatin ƙarfe yana ƙugi yana jan mu sama,
fitilun jirage na kunnuwa ɗaya bayan ɗaya.
Inna ta ga haƙorana a waje,
ta ce, "An ƙara miki albashi ne?"
Na ce, "A'a, faɗa aka yi mini."
Ta ɗauka zolaya ce, ta ci gaba da yanka albasa.