Awon Wa Ke Nan?

Sha bakwai. Arba'in da biyu.
Rubutuna ne, na shaida ƙugiyar bakwai ɗin,
a bayan kwalin sabulu, cikin aljihun hagu.
To, kafaɗar wa? Tsawon wa?
Na auna mutum, na riƙe lambarsa, na saki sunansa.

Ni ne telan bakin tashar Jega,
mai baƙin keke da rumfar kwano.
Allurata ba ta ɓatan hanya.
Kaina ne ba a yi wa kalmasa ba,
ta ko'ina warwarewa yake.

Na sayi littafi mai jan bango.
Shafin farko na ja masa layi, na sa kwanan wata,
na biyu ya tsaya a rabi,
na uku har yau fari fat.
Na sayi wani don in rubuta inda na aje na farkon.
Yanzu ina zaton suna wuri guda,
suna hirata.

Na rubuta a tafin hannu: maganin Inna.
Alwalar azahar ta tafi da shi.
Na ɗaura zare a ɗan yatsa,
na wuni ina kallonsa
kamar baƙon da ya yi sallama, ya sha ruwa,
ya ƙi faɗin abin da ke tafe da shi.
Na rubuta da alli a jikin ƙyaure;
kwana uku, ido ya saba,
ƙyaure ya koma ƙyaure.

Jabbi, yaron shagona, ya saita mini ƙararrawa tara a waya.
Ta yi kuka, na ce, "To, yanzu."
Sai ga motar albasa daga Aliero,
sai ga gardamar farashi,
sai wata tsattsewa ta ratsa rumfa
na raka ta da ido har bayan masallaci.
Kafin in dawo, yanzu ta tsufa,
ta zama jiya.

Malam Arzika ya zo karɓar riga
ran jajiberen sunan jikansa.
Yadin na nan yadda ya kawo shi, ko ninkin bai motsa ba.
Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.
Cewa ya yi, a hankali,
"Kai dai ba ka ɗauki mutane a bakin komai ba."
Wannan ta zauna daram.
Ita kam ba ta nemi takarda ba.

Na so in ce masa: Malam, ba rashin kula ba ne.
Kaina kasuwa ce ran da ta cika,
kowa na kira, duk murya tsayinta ɗaya,
mai gishiri da mai neman ɗansa da ya ɓace.
Na so in ce, sai ƙararrawa ta bakwai ta kaɗa,
maganar ta bi ta.

Tumba, uwar 'ya'yana, ba ta yarda da rubutu ba.
Shekaranjiya da asuba na zura ƙafa a takalmi
na ji abu ya tokare ni:
kwalbar maganin Inna, babu komai ciki.
Ba ta ce uffan ba, tana can tana hura wuta.
Ran nan magani ya iso gida kafin hantsi.

Tun daga nan na daina aiken takarda ita kaɗai.
Ina maƙala ta da fil a jikin yadi,
suna tukuna, kafin tef ya taɓa kafaɗa.
Wani lokaci yana ci.
Wani lokaci fil ɗin nake nema, yana bakina.

Kwalin sabulun nan dai na kafe shi a bango.
Da la'asar nakan ɗaga kai daga keke
ina auna masu wucewa da ido.
Akwai wani a garin nan mai kafaɗa sha bakwai
da ke jirana, ko ya gaji da jira.

In kai ne, ka biyo ta tasha.
Ka faɗi sunanka sau biyu.
Na farkon na iska ne.