Tafintar Giɓi

Ranar Laraba jirgin wasiƙu ya sauka,
ya tashi karnuka daga inuwar tankin ruwa.
Mutum biyu suka fito daga Kanbera, hulunansu sababbi fil:
Bronwyn mai jakar takardu,
da wani dogo da bai daina korar ƙuda ba har ya tafi.

Ni ce tafinta, ana biyana da awa.
Ina tsayawa tsakanin baki da baki
kamar gadar da ba a tambayarta ko ta gaji.

Suka jingina allo a rumfar kanti.
Layi biyu: shuɗi a sama, ja a ƙasa.
Bronwyn ta ce, wannan sauran ƙasa ne, wannan ku ne,
abin da ke tsakani shi muka zo cikewa,
shekarun numfashi da ake bin ku bashi.

Na juya ga tsofaffi ina laluben kalmar a harshenmu.
Muna da sunan tsagar dutse inda ruwa ke kwana.
Muna da sunan wushirya.
Muna da sunan gurbin da mutum ke bari a bakin wuta
idan ya mutu.
Na ɗauki na ƙarshen.
Har yara suka yi tsit.

Tsoho Jupurrula ya ƙirga da yatsunsa:
wannan ne allo na tara.
Na uku ya kawo gidaje masu kallon zafin yamma,
ɗaki uku, mu goma sha bakwai,
famfo ɗaya mai tarin asuba.
Na shida ya kawo kati
mai sayen gari da sukari
amma bai iya sayen tsohuwar taya a hannun maƙwabci.

Ban ce ba a yi komai ba.
Tun da aka gina wurin ninƙaya
kunnen ɗana ya daina zubar da ruwa,
yanzu yana jin malama tun daga bencin baya.
Ƙanena na da riga mai tambari,
ana biyansa ya ƙona ciyawa a kan lokaci
yadda kakansa ya yi kyauta.
Na fassara wannan ma, kada a ce mun ci mun goge baki.

Amma uwata, Nangala, tana Alice Springs,
kilomita ɗari biyar na jan rairayi,
inji na wanke mata jini sau uku a mako.
Ta waya ba ta tambayar lafiyata.
Sai dai: damo ya fara fitowa?
An ga tururuwar zuma a gindin itacen nan?
Kujera ɗaya muke roƙo, ta wankin ƙoda,
a nan, inda ƙasa ta san sawunta.

Bronwyn ta rubuta. Ta ja layi a ƙarƙashi har biyu.
Na yarda da idonta.
Kwantiraginta ne zai ƙare a Yuni,
wani ya zo da sabuwar hula
ya tambaye mu sunanmu daga farko.

Kafin su tashi, Jupurrula ya share ƙasa da tafinsa,
ya zana da'ira bakwai, ya haɗa su da yatsa.
Ya ce in gaya wa dogon:
in jirginku ya ƙi tashi, wacce za ka nufa ka sha?
Dogon ya yi dariya, ya duba kwalbarsa,
saura rabi.
Tsohon ya ce, to ka sa wannan ma a allo.

Wannan ban fassara ba.

Allon suka bari, wai ya yi wa jirgi nauyi.
Da sanyi ya shigo sai na tuna tagarmu
da ta fashe tun bara, aka ce mai gyara na hanya.
Na sa ƙusa huɗu.
Shuɗin yana sama, jan yana ƙasa,
kuma ya cike giɓin tsaf.